Kafin Jarka Ta Cika

Sai ƙarfe uku na dare pampon Garin Malam yake tunawa da mu.
Ya fara tari kamar tsoho,
ya tofa iska, ya tofa ja,
sannan ya sako zare siriri.
Ni ce ta huɗu a layi, da jarkokina shida.

A da, nan nake lissafi.
Kuɗin lakwal ɗin Habsu, jika biyu da rabi.
Bashin Tsahara mai gawayi.
Maganin Inna, saura ƙwaya uku.
Ɗinkin da na ce Alhamis,
ga Alhamis ta kwana a bakin ƙofa.
Ruwa yana shiga jarka,
ni ina tsiyaya ta ƙasa, ban sani ba.

Ran da na faɗi a Kasuwar Dole,
tsakanin mai tattasai da mai kanwa,
abin da ya fara zo mini da na farfaɗo
shi ne: wa zai ɗora tukunya?

Madam Laure ta ɗaura mini abin awo a dantse,
ta dubi lamba, ta dube ni.
Ta ce, Zuwaira, yaushe rabonki da zama
ba don ƙafa ta ƙi ɗaukarki ba?
Na yi dariya. Na ce zama ai na masu ƴan aiki ne.
Ita ba ta yi ba.
Ta ce, ƙwayar tansiyo zan ba ki,
amma ɗayan maganin ba ya kanti:
nemo minti biyar waɗanda ba na kowa ba.

Na baje yinina a faifai,
na tsince shi kamar shinkafa.
Babu.
Sai nan, bakin pampo.

Yanzu in na tara jarka sai in zauna a kan dutse
in saurara.
Ashe jarka tana da muryoyi.
Tana wofi, kauri gare ta, kamar kiran kawuna daga zaure.
A tsakiya ta yi laushi.
Kusa da wuya sai ta zama yarinya.
Shekara goma sha ɗaya ina cika ta,
ban taɓa jin tana magana ba.

In ja numfashi har cibiya.
In sake shi a hankali, kamar mai hura koko.
Tunani ya shigo, akuyar maƙwabta,
ya sa baki a kwano.
Ba na jifa. In ce, na gan ki,
in koma kan ruwa.

Dutsen da sanyi.
Hayaƙin gidan burodi ya fara tashi.
Can wajen Birni manyan duwatsu sun durƙusa cikin duhu,
babu mai tambayarsu me suka yi yau.
Nan na gano diddigena ya tsage,
na gano haƙorana a cije suke tun bara.

Wani dare kuka ya zo, ba sallama.
Tsahara tana bayana.
Ba ta ce lafiya ba, ba ta ce haƙuri ba,
jarkata da ta cika kawai ta janye,
ta tara mini ta biyu.

Shekaranjiya na ce wa wata hajiya
ɗinkinta ba zai samu ba sai bayan sati.
Na jira sama ta faɗo.
Ta ce to, ta tafi.

Ban warke ba, kada a faɗa.
Akwai daren da lissafi yake kayar da ni,
akwai daren da pampo ko tari ba ya yi,
mu koma gida da jarkoki suna kaɗa juna.
Amma akwai man kaɗe a bakin zanina yanzu,
na ƙafata ni kaɗai.
Kuma moɗar farko,
wadda a da nake kai wa randa da gudu,
a nan nake shanye ta, a zaune,
har in ji inda sanyin ya tsaya.